Furar Salamatu a Ƙwaryar Delu

A tashar motar Gwandu akwai wata darbejiya da ta karkata wajen gabas. A gindinta nake tuyar masa tun ina iya ɗaukar tanda da hannu ɗaya. Sunana Jidda. Mutanen tasha sun ce ina da baki, ni kuma ban taɓa musu ba. A hannun damana, inda saiwar bishiyar ta fito ta yi kamar kujera, nan ne wurin Salamatu mai fura. Shekara da shekaru muna zaune kafaɗa da kafaɗa, hayaƙina na shiga idonta, ƙudan nononta na sauka a kan masata, ba mu taɓa sa-in-sa ba.

Bafillata ce, an haife ta a wata ruga kusa da Malisa, aka aurar da ita ga Isa, ɗan Baffa Garba, a rugarsu da ke bayan Gwandu. Wurin kakarta ta koyi fura. Ita ba ta kai geronta inji, ta ce inji na ƙona ƙamshi. Da hannunta take surfe, ta wanke, ta daka da citta da kanumfari da ɗan masoro, ta cura, ta dafa, ta kirɓa a turmi har sai ta yi laushin da ludayi zai ratsa ba gardama. Idan ta buɗe faifai ta zuba kindirmo ta fara damu, direban da ya riga ya tayar da mota sai ya kashe ya ce wa fasinja su yi haƙuri. Na sha ganin haka da idona. Ba ta da surutu. Idan aka yaba furar sai ta sunkuyar da kai ta ce, “Madalla,” amma ni da ke gefenta ina ganin yadda take ƙara gyara zama. Wannan wurin da wannan yabon su ne abin da take da shi nata na kanta a duniya.

Abu ɗaya ne ya hana ta sakewa, kurajen fuska. Tun tana budurwa suka fito, aka ce na balaga ne, za su wuce. Ta yi aure ba su wuce ba. Ta haihu ba su wuce ba. Kuma ba irin ƙananan nan ba ne da ’yan mata ke matsewa a gaban madubi. Nata manya ne, masu zurfi, su kumbura a haɓa da kumatu su yi ja, su tara ruwa, su yi mata zogi har ta kasa tauna. Wani na warkewa wani na tasowa. Babu abin da ba a ba ta ba. Sabulun salo, lemon tsami, toka, saiwar da ba a san sunanta ba, har da wani mai daga kemis da ya ɗashe mata fuska na ɗan lokaci sannan kurajen suka dawo da ’yan’uwansu. An hana ta gyaɗa, an hana ta man shanu, ita da take kwana take tashi cikin shanu. Kowa likita ne a kan fuskar Salamatu.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne masu cewa ƙazanta ce. Ƙazanta! Matar da ke wanke ƙwarya har sai ta yi ƙara a hannu, matar da ba ta taɓa fura sai ta wanke hannu har gwiwa. Na ga masu fura da ke share hanci da gefen zane su koma damu, ba wanda ya ce musu uffan, saboda fuskarsu sumul take.

Atiku ne ya fara faɗa a fili. Ɗan kamasho ne a tashar, mai tumbi da murya, irin mutanen da idan suka yi dariya sai sun waiga sun ga ko an taya su. Wata ranar kasuwa wani ƙurji ya kumbura a haɓar Salamatu ya yi kai. Atiku ya zo ya tsaya, ta ɗauki ludayi, sai ya ɗaga hannu.

“Dakata, Bahillata. Ki ruhe wagga huska in kina damu. Mutum shina son shan hura, ba shi son ya ga abin da za ya hana mishi haɗiya. Wa ya sani ko abin shina ɗiga ciki?”

Wurin cike yake da mutane. Wasu suka yi dariya, wasu suka kau da kai, waɗanda kuma suke riƙe da ƙwarya suka leƙa cikinta.

Na ce, “Kai Atiku, da huska aka damun hura ko da hannu? Dibi ƙumbar hannunka tukuna, ko gero anka shuka ciki sai ya tsira.”

Aka yi dariya a kansa shi ma, amma maganarsa ta riga ta shiga. Salamatu ta ja mayafinta ta rufe har hanci, cikin wannan zafin, ta ci gaba da damu. Daga ranar masu saye suka fara raguwa. Ba a rana ɗaya suka gudu ba. Wannan ya ce yau azumi yake, wancan ya ce cikinsa ba daɗi, sai ka hango su can bakin hanya suna shan furar wata. Salamatu ta fara komawa ruga da sauran nono, abin da ban taɓa gani ba.

Ƙanwata tana aure a Kalgo. Ita ta aiko mini cewa wata likitar fata tana zuwa wani ƙaramin asibiti a can, tana bincike a kan kurajen fuska, tana ɗibar jinin masu su, kuma tana ba da magani. Sai da na yi da gaske kafin Isa ya yarda. Muka shiga bas zuwa Birnin Kebbi, muka sake wata zuwa Kalgo, Salamatu na rufe da fuska duk hanya kamar wadda ta yi sata.

Likita Halima Sadiya sunanta, ’yar siririya, ba ta da hayaniya. Abin da ya fara burge ni da ita, ta sa hannu ta taɓa fuskar Salamatu, ta juya ta wajen haske, ba ta yamutsa tata fuskar ba. Ta nemi izini kafin ta ɗebi jinin, ta kuma yi bayani yadda har ni mai tuyar masa na gane.

Ta ce, “Malama Salamatu, jikin kowa yana da masu gadi da ke yaƙar cuta. Masu gadin nan suna da ’yan aike, wasu ƙananan sinadarai da ke yawo suna kai labari, suna cewa ga matsala a wuri kaza, ku taru. Idan ƙofar gashi ta toshe da maiƙo, ƙwayoyin da ke zaune a fatar kowa suka taru a ciki, sai ’yan aiken su kai ƙara. Masu gadi su taru, wurin ya kumbura, ya yi ja, ya yi zafi. A wurin wasu mutane ƙarar takan yi yawa. Abin da muke dubawa shi ne, ko waɗanda kurajensu suka fi tsanani sun fi yawan ’yan aiken nan a jini. Shi ya sa muke ɗibar na masu kaɗan, da na masu yawa, da na waɗanda ba su da ko ɗaya, mu gwada.”

Salamatu ta yi tambayar da ta kawo ta, murya ƙasa-ƙasa. “Likita, shina shiga hura?”

“Ba ya shiga. Ba a ɗaukarsa, ba kuma ƙazanta ba ce. Ki kawo mini furar in kin dawo, a gabanki zan sha.”

Ta ba ta ƙwayoyi da man shafawa, ta ce aikinsu a hankali yake, sai an yi haƙuri. Ta ja kunnenta sosai: kada a matsa, kada a tsaga, kada a shafa komai bayan abin da ta bayar.

Maganin ya karɓe ta. Ba wai fuskar ta koma ta jariri ba, amma manyan kurajen suka daina tasowa, jan ya lafa, ta fara sauke mayafi zuwa haɓa. Wasu daga cikin waɗanda suka gudu suka fara dawowa suna sosa ƙeya. Da lokacin komawa ya yi muka sake zuwa Kalgo da fura a ƙullin leda da nono a gora. Likita ta sha kamar yadda ta yi alkawari, har ta nemi ƙari. Sannan ta ce an duba jinin, kuma na Salamatu na cikin waɗanda ’yan aikensu suka fi yawa, kamar yadda ta yi zato. Ta ƙara da cewa binciken bai ƙare ba, kuma abin ba wani datti ba ne da ya taru a jini. Jiki ne da kansa ke ƙera su kullum, don haka ba abin da za a zubar ba ne. Lallashin jikin ake yi ya rage ƙara.

Ban taɓa ganin Salamatu cikin murna irin ta wannan rana ba. A bas har hira ta yi da wata mata da ba ta sani ba. Adda take kirana, wato yaya. Ta ce mini, “Adda, ashe ba ƙazama nike ba. Ashe jikina na, tsarona shika yi, ya wuce wuri.” Na ce mata ni ban taɓa shakka ba.

To ga inda abin ya lalace. A rugarsu, matar ɗa ba ta magana da surukinta. Ba ta kallon idonsa, ba ta cin abinci a gabansa, ko sunansa ba ta kamawa. Idan tana da magana sai ta gaya wa mijinta, shi ya kai. Salamatu ta zauna ta gaya wa Isa duk abin da likita ta ce, daga farko har ƙarshe. Shi kuma Isa, da bai saba doguwar magana da mahaifinsa ba, ya je ya durƙusa ya taƙaita: an duba a asibiti, an ga abin a jini, nata ya fi na mutane yawa. Iyakar abin da ya isa kunnen Baffa Garba ke nan.

Baffa Garba kuwa tsoho ne da duk shekara, idan zafi ya tsananta, sai ya kira wanzami ya yi masa ƙaho a baya da ƙeya, a fitar da mataccen jini. Da haka ya ga ubansa na yi. Da ya ji asibiti ma ta ce abin a jini yake, sai ya ga ai magana ta zo gidan sauƙi. Me za a tsaya ana haɗiyar ƙwaya wata da watanni, ga wanzami a Gwandu?

Ranar kasuwa ta zo ban ga Salamatu ba. Wata ranar kasuwar ta sake zagayowa, shiru. Na rufe tandata na hau kabu-kabu zuwa rugar. Delu, ƙanwar Isa, ita ta tare ni a bakin shinge, ta kasa haɗa ido da ni. Ta kai ni bukkar.

Wallahi da ba don muryarta ba da ban gane ta ba. Fuskar ta kumbura har idanu sun shige. An tsattsaga kumatunta da haɓarta da aska, daidai inda kurajen suke, an kafa ƙaho a kai an ja, sannan an cusa wani baƙin gari a cikin tsagar. Duk wurin ya ruɓe yana ruwa. Jikinta zafi kamar tandata.

Na ce, “Salamatu! Ba ki ji abin da likita ta ce ba? Mi ya hana ki ce a’a?”

Ta ce, “Adda, ƙaƙa zan buɗa baki gaban Baffa? Shi da kanshi ya zamna bakin bukka har anka gama.”

“Isa hwa?”

“Shina tsaye.”

Yana tsaye! Ƙato da shi, mai tare bijimi da sanda ɗaya, yana tsaye yana kallon ƙasa ana yanka fuskar matarsa, shi da ya ji bayanin duka da kunnensa. Na fita ban ko ɗaura mayafi daidai ba. Baffa Garba na zaune a kan buzu a inuwa yana jan casbi. Na durƙusa na gaishe shi, don an haife ni a gidan tarbiyya, sannan na ce abin da ke bakina.

“Baffa, kun kashe mata huska.”

Ya dube ni da mamaki na gaskiya. “Ɗiyata, likita da bakinta ta ce abin cikin jini shike. Mu mi munka yi? Jinin munka hidda.”

“Ta ce jiki shika ƙera shi kullum. Ko kun tatse ta tas, gobe ya ƙera wani. Ta ce kada a tsaga!”

Ya juya ya dubi Isa da ke raɓe a jikin shinge. Ya ce, “Wanga ba a gaya min ba.” Sannan ya ƙara, “Alheri nika nuhinta da shi. Ni na biya wanzamin da kaina.”

Wannan ita ce maganar da ta fi ci mini rai har yau. Da mugu ne da na zage shi na huce. Tsoho ne da ke son surukarsa, ya ji rabin magana, kuma a duk rugar babu mai bakin da zai ba shi sauran rabin. Wadda ta san gaskiya an koya mata tun tana yarinya cewa yin shiru a gabansa shi ne mutunci. Ta yi mutuncin, aka yanka ta.

Ranar ban nemi izinin kowa ba. Na sa Isa ya nemo mota muka kai ta Kalgo. Da Likita Halima Sadiya ta buɗe mayafin, sai ta ajiye abin da ke hannunta ta fita waje. Ta ɗan jima kafin ta dawo, idonta ja. Ba ta yi wa kowa faɗa ba, ni kuwa na so ta yi. Aka wanke ciwon, aka yi allurai, Salamatu ta kwanta a gidan ƙanwata har zazzaɓin ya sauka. Likita ta gaya mini a gefe cewa ciwon zai warke, amma fatar Salamatu irin mai tabo mai tudu ce, kuma tsagar ta yi zurfi.

Haka kuwa aka yi. Kowace tsaga ta warke ta bar tudu mai sheƙi, layi-layi a kumatu da haɓa. Kurajen kuma, da ta koma kan maganinta, suka ci gaba da lafawa har suka ɗauke. Kun san abin da aka ce a ruga? Aka ce ƙaho ya yi aiki. Har da masu zuwa tambayar wane wanzami ne.

Bayan damina ta dawo tasha. Ta zo da sassafe da ƙwaryarta a kai, ta share gindin saiwar, ta zauna, ta buɗe fuskarta don ta ce ta gaji da ɓoyo. Na yi ta kiran mutane kamar ni ke sayarwa. Suka zo, suka gaishe ta, suka yi mata barka da jiki, idonsu na kan tabon. Sai na ji Atiku daga bayan wata bas yana cewa, “Ciwon da har wanzami ya shiga bai hita ba, ai ba ƙaramin ciwo ba na. Ni dai ina da ɗiya ƙanana.” Babu wanda ya ce masa kurajen sun tafi. Babu wanda ya duba ma. Salamatu ta zauna har la’asar, nonon ya yi tsami a gabanta, ta rufe faifai ta ɗauka. Ta sake gwadawa ranar kasuwa ta gaba, da wadda ta biyo. Daga nan ba ta sake zuwa ba.

Ana nan sai ga Delu da ƙwarya a kai, ta zauna a kan saiwar. Na buɗe baki zan kore ta, sai ƙamshin ya buge ni. Citta, kanumfari, ɗan masoro. Ko a mafarki na san wannan furar. Delu ta matso ta raɗa mini cewa Salamatu ce ke yi a gida, ita kawowa kawai take, kuma Salamatu ta ce a roƙe ni don girman Allah kada in faɗa wa kowa, don in aka sani ba za a saya ba, ga yara.

Ni Jidda, da ban taɓa haɗiye magana ba tun da aka yaye ni, aka ɗaure mini baki da sunan Allah.

Kafin wata ya zagayo layi ya dawo. Direbobi na kashe mota. Jiya-jiyan nan Atiku ya zo ya tsuguna a gabana, ya shanye ƙwarya guda, ya sa yatsa ya lashe gefen, ya yi gyatsa. Ya ɗaga murya yadda kowa zai ji.

“Kun ji hura ta mai tsabta! Delu, Allah shi yi miki albarka. Jidda, ki hwaɗi gaskiya, wagga ba ta hi ta ƙawarki ba?”

Tsinken juya masa na hannuna. Na dube shi, na dubi Delu, ta sunkuyar da kai. Na juya na ci gaba da aikina, masar da ke tanda duk ta ƙone, na kwashe na zubar.

Da yamma na bi Delu zuwa ruga. Mun tarar da Salamatu a bayan bukka tana kirɓa furar gobe, zufa na bin layin tabon tana sauka a haɓa. Babu ƙurji ko ɗaya a fuskarta. Ta karɓi ƙwaryar daga hannun Delu, ta leƙa ta ga babu saura, sannan ta dube ni.

“Adda, Atiku ya sha?”

Na ce, “Ya sha.”

“Mi ya ce?”

“Ya ce ta yi daɗi.”

Ta sunkuyar da kai ta ce, “Madalla.” Ta gyara tsayuwa, ta ɗaga taɓarya ta ci gaba da kirɓi.